Damina da lungunan Birnin Kano

Duk lokacin da aka tafka ruwa da iska a cikin Birnin Kano, lunguna ne ke fara toshewa. Katangar ƙasa ta faɗi, kwata ta tumbatsa, mai naƙuda ta rasa hanyar fita bakin titi, sannan a ce ƙaddara ce.

Alhali kuwa kududdufan da magabata suka haƙa don ɗibar ƙasar gini su ne ke shanye wannan ruwa. Mu muka cike su da shara, aka yanka filaye. An fara aikin rufe Jakara da shimfiɗa titi a kanta a zangon Kwankwaso na biyu, 2011 zuwa 2015, amma magudanan unguwanni da dama a cushe suke. Maimakon rabon shinkafa bayan ɓarna, kamata ya yi gwamnati ta haramta cike sauran kududdufan, ta kuma yashe magudanai tun kafin Agusta.