Kewar tsofaffin finafinai ta cika waya, kaset ɗin kuwa na lalacewa a kwali

Da wuya mutum ya yi minti goma yana zagaya TikTok ko Facebook bai ci karo da irin bidiyon nan ba: guntun fim ɗin marigayi Ibro, ko waƙar Sangaya, ko Samanja yana faɗa da Hausarsa ta bariki, a sama an rubuta tambayar wa ya tuna da wannan. Ƙasa kuwa sharhi ne kamar ruwa. Wannan ya ce Allah sarki duniya, wancan ya ce Allah ya jiƙan maza, wata ta ce a lokacin tana aji uku a firamare. Hoton ya yi dishi-dishi, murya ta riga baki, tambarin shafuka uku sun hau kan juna a kusurwa. Cikin masu sharhin, da wuya a samu wanda ya tambayi inda asalin fim ɗin yake, ko kuma ma yana nan har yanzu.

Kewar gaskiya ce, ba abin raini ba ce. Waɗanda suka girma kafin tauraron ɗan adam ya shiga kowane gida sun san lokacin da tashar talabijin ba ta buɗewa sai da la'asar, ta rufe da dare da taken ƙasa. Akwati ɗaya ne a layi, yara su yi cincirindo a tagar maƙwabci, wani ya hau katanga yana juya eriya ana yi masa ihun ya yi ko bai yi ba. Wuta ta ɗauke a tsakiyar shiri, shi ke nan, babu maimaici sai wani makon. A haka aka kalli Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, da Karkuzu daga Jos, da Kasimu Yero a Magana Jari Ce. Iyaye maza kuma suna da nasu labarin na gidajen silima irin su Plaza da El Dorado da Marhaba a Kano, inda fim ɗin Indiya ya shiga jini har aka raɗa wa Dharmendra Sarkin Ƙarfi. Daga baya kaset ya zo. Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa ya fito a 1990, Sangaya a 1999, shagunan haya suka cika unguwanni, mai shago yana gargaɗin a mayar da kaset farko kafin a dawo masa da shi. Su kuwa 'yan shekara ashirin da wani abu, abin da suka tarar shi ne faifan CD mai tsayawa daidai wurin da labari ya yi daɗi, sai a ciro a goge da gefen riga. Ga kuma yawon Sallah: gidan zoo na Audu Bako a Kano, ko Gamji a Kaduna, lilo, alawa, da mai hoto da ke cewa a dawo karɓa bayan kwana uku.

Matsalar ita ce kewa ba ta adana komai. Like dubu ba ya ƙara wa kaset kwana ɗaya. Matasan da suka fi kowa iya na'ura a tarihin ƙasar Hausa su ne ke kallon abin da suke kewa yana ƙarewa, alhali kayan ceto shi ba su kai kuɗin waya mai matsakaicin farashi ba.

Kaset ɗin bidiyo siririyar roba ce da aka shafa wa garin maganaɗisu, da wani irin gam da ke riƙe garin. Gam ɗin nan yana shan danshi ya saki, zaren ya riƙa mannewa da juna, ko ya riƙa zubar da garin a kan na'ura. Zafin Afrilu a ɗaki mai rufin kwano, danshin Agusta, ƙurar hunturu, duka uku abokan gabarsa ne, kuma duka uku ana samunsu a shekara guda. Kaset ɗin da aka ɗauka a 1995 ya haura shekara 30 yanzu. Ko kaset ɗin ya tsira, akwai batun abin kunna shi: kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da aka sani yana ƙera na'urar VHS, ya daina a 2016. Duk wadda ke aiki yau tsohuwa ce, kuma masu gyaran da suka san cikinta suna ƙaranci, yawancin yaransu sun koma gyaran waya. Faifan CD ma da aka ɗauka ba ya mutuwa, yana mutuwa. Shafen da ke bayansa yana ɓarewa, musamman a faifai masu arha da aka riƙa buga finafinai a kansu.

Wani labari daga Ingila ya kamata ya tsaya wa kowa a rai, domin ƙarshensa a Jos yake. A shekarun 1960 da 1970, BBC ta riƙa goge tsofaffin shirye-shiryenta don ta sake ɗauka a kan zaren, saboda zaren na da tsada kuma babu wanda ya yi tunanin za a nemi tsohon shiri. A haka aka rasa sassa da yawa na Doctor Who, kuma har yau sama da 90 ba a gano su ba. A 2013 aka sanar da cewa an samo guda 9 daga cikin waɗanda suka ɓata, a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos, inda aka aika da kwafinsu shekaru da dama da suka wuce aka manta. Idan tasha mai kuɗin BBC ta goge nata saboda tsadar zare, ba sai an yi dogon lissafi ba kafin a gane irin matsin da ƙananan tashoshi suka shiga a wancan zamanin.

Labari na biyu ya fi kusa. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana ɗaukarsa a matsayin ɓatacce. A 2016 aka gano zarensa cikin kayan ajiyar Hukumar Finafinai ta Najeriya, cibiyar Arsenal ta Berlin ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. A labaran biyu abin da ya yi ceto iri ɗaya ne: akwai kwafin da ake iya taɓawa da hannu a wani ɗaki, kuma wani ya tashi ya je ya buɗe ɗakin. Shaihu Umar fim ne na gwamnati, daga littafin Firayim Minista. Ɗaruruwan finafinan da aka sayar a Ƙofar Wambai da Bata ba su da wannan gatan, babu wata cibiya a Turai da za ta zo nemansu.

Amsar da aka fi ji ita ce ai komai yana YouTube. Da farko, ba komai ba ne. Abin da ke can shi ne abin da wani ya ga dama ya ɗora, yawanci shahararrun finafinai, sau da yawa an yanke farko da jerin sunayen ƙarshe, wani lokacin kashi na ɗaya babu na biyu. Na biyu, YouTube kamfani ne, ba ɗakin adana tarihi ba. Ƙorafin haƙƙin mallaka uku na iya rufe tasha da duk abin da ke cikinta, mai tasha na iya mance kalmar sirri, ko a yi masa kutse. Wanda yake ganin babban kamfani ba ya asarar kaya, ya tuna da MySpace, wanda a 2019 ya amsa cewa ya rasa waƙoƙin da mutane suka ɗora tsawon shekara 12, kimanin miliyan 50, wajen sauya rumbun ajiya. Google ma tun ƙarshen 2023 ya ba kansa damar goge asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba, har da hotunan da ke ciki.

Na uku kuma shi ne inganci. Faifan VCD dama can ɗigo 352 a 288 yake ɗauka, ƙasa da abin da mafi arhar waya ke ɗauka yau. Wani ya ɗora a Facebook, manhaja ta matse shi. Wani ya ɗauki hoton allon wayarsa ya kai TikTok, aka sake matsewa. Aka tura ta WhatsApp, aka ƙara matsewa. Kowace matsa tana zubar da bayanin da ba ya dawowa, kamar hoton takarda da aka yi wa hoto, aka sake yi wa hoton hoto. Abin da ke yawo a waya jikan jikan fim ɗin ne.

Nan ne wasu ke kawo maganar manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu gyara tsohon bidiyo. Suna burgewa a kallon farko, amma ya kamata a san abin da suke yi. Ba dawo da abin da ya ɓace suke yi ba, cike gurbi suke da zato. Shi ya sa fuskar jarumi ke fitowa sumul kamar ta 'yar tsana, tsagen fuska ya ɓace, aikin hula ya koma wani zane daban. Ba laifi a yi don nishaɗi, amma wanda ya gyara ya goge na asali ya yi ɓarna, ko da niyyarsa mai kyau ce.

Aikin kansa ba shi da wahalar da ake zato. Faifan VCD ba ya ma buƙatar wata manhaja: a saka a kwamfuta mai wurin faifai, a buɗe foldar da ake kira MPEGAV, a kwafe fayilolin DAT da ke ciki yadda suke. VLC na kunna su. Kaset kuwa yana buƙatar na'urar bidiyo mai aiki, da ƙaramar na'urar nan mai USB da ke karɓar wayoyi uku, rawaya da fara da ja, sai manhajar OBS Studio wadda kyauta ce. Sai dai haƙuri, domin kaset na awa uku awa uku zai ci, babu gajeriyar hanya. A ajiye fayil na farko da girmansa, kada a matse shi don tausayin memori, a fitar da ƙarami daban don turawa. A sa wa fayil suna mai ma'ana, da sunan fim da shekara da kamfani, ba VID0034 ba. Masu aikin kwamfuta suna da ƙa'idar da suke kira 3-2-1: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Filas ɗaya a aljihu ba ajiya ba ce. Idan za a tura wa ɗan'uwa ta WhatsApp, a tura a matsayin Document, wanda ke ɗaukar har 2GB ba tare da matsewa ba.

Akwai ƙorafi mai ƙarfi da dole a saurara. Masu shirya fim za su ce kwafa ce ta kashe musu kasuwa tun farko, yanzu kuma ana kiran matasa su ƙara kwafa da sunan tarihi. Suna da gaskiya. Ba sau ɗaya ba an ga tsohon jarumi yana neman taimakon kuɗin magani, alhali guntayen wasansa na tara wa wasu shafuka mabiya da kuɗin talla. Adanawa daban, ɗorawa don cin riba daban. Wanda ya ceto fim daga kaset, abin da ya dace shi ne ya nemi mai fim ɗin ko iyalansa ya ba su kwafi, su yanke shawarar fitar da shi. Amma su ma furodusoshin akwai nasu. Wanda ya riƙe asalin kaset a kwali shekara 25 bai juya shi ba, ba ɓarawon fasaha ne zai raba shi da fim ɗinsa ba, damina ce. Tashar YouTube ta kamfani, da fim cikakke da sunayen waɗanda suka yi aiki, ta fi kulle kaset amfani ga aljihunsa ma.

Ga kuma sana'a a kwance. Masu tura finafinai a waya suna kowane lungu, da kwamfutarsu da janaretonsu, kuma data mai sauƙi na rage musu ciniki. Ɗaya daga cikinsu a Farm Centre ko Beirut da zai sayi tsohuwar na'urar bidiyo ya rataya allo cewa ana juya kaset zuwa waya, ba zai rasa masu zuwa ba. Domin mafi yawan kaset ɗin da ke gidaje ba finafinai ba ne. Bikin iyaye ne, da suna, da saukar karatu, da hawan Sallah. A cikinsu akwai muryar kakar da ta rasu, da unguwa kafin a rushe ta a yi titi. Sangaya na da masu nemansa, amma bikin 1998 na gidan wane kwafi ɗaya ne a duniya.

Wuraren wasan yara sun fi komai rauni a nan, don ba a iya kwafe lilo. Fili ya zama shaguna, ko ƙarafa su yi tsatsa a cikin ciyawa, abin da ya rage sai hoton mai hoton nan, yara huɗu da ɗinkin Sallah iri ɗaya suna ƙifta ido a rana. Irin wannan hoton wayar hannu ta isa: a cire shi daga albam in zai ciru ba tare da yagewa ba, a ɗora a wuri mai haske ba cikin rana ba, a kashe fitilar kyamara, a ɗauka daga sama a miƙe. Sannan a zauna da babba a gidan a tambayi sunan kowa da shekarar da wurin, a rubuta a sunan fayil, tun akwai mai iya faɗa.

Wanda ya je ya janyo kwalin daga ƙarƙashin gado ko saman sif, kada ya yi gaggawar kunnawa. Ya fara leƙa ta tagar kaset ɗin. Idan akwai farin gari ko zare-zare kamar auduga a kan naɗin, fumfuna ce, kuma saka shi a na'ura zai ɓata kanta ya kuma shafa wa duk kaset ɗin da ya biyo baya. Irin wannan a ware shi a leda daban, a fara da masu tsabta, mafi tsufa a gaba.