Masu harbin tsuntsu a bakin Farin Nilu za su makantar mana da 'ya'ya

Malam Edita,

Ka ba ni fili in koka kan abin da ya faru ranar Juma'ar da ta wuce a bakin Farin Nilu, kudu da Umdurman. Wani saurayi ya saki bindigar farauta a kan agwagin ruwa, iskar hunturu tana kaɗowa da ƙarfi daga arewa, ƙwayoyin dalma suka sauka cikin kwale-kwalen masunta. Da idona na ga an ciro wa ɗan maƙwabcina ƙwaya uku a kafaɗa da ɗaya a kunci, tazarar yatsa biyu tsakaninta da ido. Yaro ne, kuma yana warwarewa. Da aka tare mai harbin, sai ya ce ai ba su ya auna ba.

Wai ba su ya auna ba! Bindigar da ke watsa ɗaruruwan ƙwayoyi a harbi ɗaya, ana mata wannan magana?

Mu da muka yi farautar tsuntsu wajen madatsar Jabal Auliya, ba a barin mutum ya fita sai ya san watsin bindigarsa. Za ka kafa babban kwali, ka zana da'ira mai faɗin inci 30, ka ja baya yadi 40, ka harba, sannan ka je ka ƙirga hudojin da ke ciki da waɗanda suka fita. Kuma ba a yi sau ɗaya a ce an gama. Da asubar Janairu iska ta fi nauyi, albarushi ba ya ci da sauri, ƙwayoyi kan rage gudu su ƙara bazuwa. A Mayu, lokacin da zafin Hartum ke wuce digiri 40, harsashin da ya wuni cikin mota ya fi fita da ƙarfi. Iskar gefe kuwa ɗauke watsin take yi gaba ɗaya ta karkatar da shi, ƙananan ƙwayoyi su fi tafiya da ita. Ranar da guguwar ƙura ta taso, ko kube ba ma cire wa bindiga.

Wa ya koya wa waɗannan yaran haka? Babu. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 bindiga ta zama abin wasa a hannun samari. Ba lasisi, ba malami, ba kunyar manya. Kowa ya samu sai ya nufi bakin kogi, alhali masuntanmu Hausawa suna cikin ruwan nan tun kafin gari ya waye.

Hukuma kuma ta yi shiru. Mutane sun fara dawowa gidajensu, ga matsalar ruwa ga ta wuta, yanzu kuma neman abinci a kogi ya koma da fargaba. Ina kira ga 'yan sanda da masu kula da namun daji su hana harbi kusa da mashigar jirage, su kuma tambayi duk mai riƙe da bindigar farauta takardarsa. Masu unguwanni da limamai su ma su yi magana, don iyayen yaran nan a bayansu suke salla.

Naka,
Wani tsohon maharbi,
Umdurman.