Abincin Rage Kumburi: Duba Rumbunka Kafin Ka Sayi na Kwalba

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kayan abinci suka yi tashin gwauron zabi, amma hakan bai hana masu tallan garin kurkum da man zaitun cika Facebook da TikTok da sunan "maganin kumburi" ba. Idan kana Ɗambatta, Bichi ko Makoɗa, wataƙila an riga an tallata maka ranar kasuwa.

Ka fara sanin wane kumburi ake nufi. Wanda abinci ke iya taɓawa shi ne na cikin jiki, inda garkuwar jiki ke ci gaba da yaƙi a hankali shekara da shekaru ba tare da ka gani ba. Yana da alaƙa da ciwon suga, ciwon zuciya da ciwon gaɓoɓi. Kumburin ƙafa, fuska ko ciki daban ne. Sau da yawa zuciya ce, ko ƙoda, ko hanta, a wurin mai juna biyu kuma yana iya zama alamar hawan jini mai kai wa ga jijjiga. Wannan na asibiti ne, kuma a ranar.

Mafi yawan binciken da aka yi a kan abincin mutanen gaɓar Bahar Rum ne: hatsi da dusarsa, dangin wake, ganye da kifi. Kusan duk kana da makwafinsu a gona: gero, dawa, wake, riɗi, gyaɗa, zogale, rama da kuka. Dusar hatsi da wake suna ciyar da ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin hanji, su kuma suna samar da sinadaran da ke kwantar da kumburi. Saboda haka kada a matsa wa surfe. Kifin titus, idan da hali, yana da man omega-3.

Abin da ke damuna shi ne kaka. Wake da riɗi su tafi Dawanau, a dawo gida da taliya, biredi da lemon kwalba. Na san bashin taki da hidimar biki ba sa jira, amma ko ƴan tiyoyi ne ka ware wa gida. Zoɓo ma, idan aka cika masa sukari, an rage amfaninsa. Gyaɗa ko masarar da ta yi funfuna kuwa zubar da ita za ka yi, domin tana iya ɗaukar gubar aflatoxin mai jawo kansar hanta.

Kurkum da citta a miya ko shayi babu laifi, sai dai kaɗan ne hanji ke tsotsa daga sinadarin kurkum. Idan kana shan maganin tsinka jini irin warfarin, kada ka sha na kwalba sai ka tambayi likitanka, kuma kada ka ajiye maganin suga ko na hawan jini don ka gyara cimarka.