Zogale abinci ne, ba maganin kansar mama ba



Akwai wani saƙo da ya daɗe yana yawo a wayoyinmu, daga gurup ɗin WhatsApp na ƴan makaranta zuwa na matan unguwa, wani lokaci da Faransanci, wani lokaci an ɗauke shi da murya cikin Hausa. Abin da yake cewa shi ne, wai in mace ta bar cin nama da kifi da ƙwai da nono da man shanu, ta koma ga ganye da hatsi da ƴaƴan itace zalla, kansar mama ba za ta kama ta ba; in ma ta riga ta kama ta, ciwon zai narke ba sai an je likita ba. Wannan tsarin ci shi ne Turawa ke ce ma “began”. Ni dai a ganina rabin farko na maganar an zuzuta shi, rabi na biyu kuwa ƙarya ce mai iya kashe mutum. Ga dalilina.

Mu fara daga gida. Wace ce ta kai macen ƙauyen Maraɗi ko Tawa cin tsirrai? Tuwon hatsi da miyar kuka ko kuɓewa, wake, dambun zogale, yakuwa, ƙuli-ƙuli, ɗan nono a cikin hura in an samu. Nama kuwa sai ranar suna ko layya. Da a ce barin nama shi ke kore wannan ciwo, da iyayenmu na karkara ba su san shi ba. Amma sun san shi, suna ce masa daji, kuma yana ɗauke su.

Wani zai ce, ai a Turai inda ake cin nama da cuku an fi samun masu ciwon. Gaskiya ne. Sai dai ba nama kaɗai ya raba mu da su ba. Matansu sun fi namu tsawon rai, ciwon kuma ya fi zuwa bayan shekara 40. Suna jinkirin haihuwa, suna haihuwa kaɗan, ba su daɗe suna shayarwa, da yawansu suna shan giya, kuma ana yi masu hoton mama a kai a kai, don haka ake gano abin da mu nan ake binne mace da shi ba a rubuta ko'ina ba. Sa'annan ku duba ɗaya gefen. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce a 2022 mata kusan miliyan 2.3 aka gano suna da kansar mama, wajen 670,000 suka rasu. A ƙasashe masu arziki, sama da mata 90 cikin 100 suna raye shekara 5 bayan an gano ciwon. A Afirka ta Kudu, wadda ta fi mu likitoci da kayan aiki nesa ba kusa ba, wajen 40 ne cikin 100. Abin da ke raba waɗannan alƙaluma shi ne saurin zuwa asibiti da samun magani.

To, shin abinci ba shi da hannu ko kaɗan? Yana da shi, kuma ba zan ɓoye ba. Ƙiba bayan ɗaukewar al'ada tana ƙara haɗari, saboda kitsen jiki yana samar da sinadarin esturojin, wanda yawancin kansar mama ke girma da shi. Giya tana ƙara haɗari. Rashin motsa jiki ma haka. Shayarwa tana ragewa: wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2002 ya nuna kowane wata 12 na shayarwa yana rage haɗarin da wajen kashi 4 cikin 100. Mai cin ganye da wake da hatsi, mai rage soye-soye da sukari da lemun kwalba, ta fi samun sauƙin riƙe nauyinta, kuma ta taimaki kanta wajen hawan jini da ciwon sukari. Wannan duka alheri ne. Amma rage haɗari daban, hana ciwo daban. OMS da kanta ta ce wajen rabin matan da ke kamuwa ba su da wani dalili da za a nuna face kasancewarsu mata da kuma shekaru. Wasu kuma, kashi 5 zuwa 10 cikin 100, gado ne, ta hanyar ƙwayoyin halitta irin su BRCA1 da BRCA2. Babu miyar da ke canza abin da mace ta gada.

Masu tura saƙon suna son kafa hujja da sanarwar 2015 ta cibiyar binciken kansa ta OMS da ke Liyon a Faransa. Cibiyar ta ce naman da aka sarrafa, irin su sosis da jambo, yana haddasa kansa, jan nama kuma mai yiwuwa ne. Amma kansar hanji ce hujjar ta tsaya a kanta. An ɗauki maganar hanji an liƙa ma mama.

Batun warkarwa kuwa, an gwada. A Amurka an bi mata sama da 3,000 waɗanda aka riga aka yi wa maganin kansar mama. An raba su biyu, aka sa rabi su ƙara cin ganye da ƴaƴan itace su rage mai, aka bi su wajen shekara 7. Da sakamakon ya fito a 2007, dawowar ciwon da yawan mutuwa kusan ɗaya suke a ɓangarorin biyu. Ku lura, waɗannan mata ne da suka sha maganin asibiti, abincin ƙari ne kawai. Su kuwa waɗanda suka ajiye asibiti gaba ɗaya fa? Masu bincike na Jami'ar Yel sun duba wannan, aka buga a 2018: matan da suka zaɓi wasu hanyoyi kaɗai suka ƙi maganin likita, haɗarin mutuwarsu ya ninka na sauran fiye da sau 5.

Na san za a ce, ai ga wance a bidiyo tana ba da shaida ta warke. Ku tambaya, an taɓa ciro tsoka daga ƙullutun an gwada an tabbatar kansa ce? Yawancin ƙullutun mama ba kansa ba ne, wasu da kansu suke bajewa. In kuma kansa ce, an yi mata aiki kafin ta shiga cin ganyen? Sau da yawa an yi, sai a manta da wuƙar likita a yaba wa zogale. Wasu kuma ƴan damfara ne tsagwaronsu. A Ostareliya wata mai suna Belle Gibson ta yi suna da kuɗi da cewa abinci ya warkar da ita daga kansar ƙwaƙwalwa. Daga baya ta amsa cewa ba ta taɓa yin ciwon ba, kotu ta ci ta tarar dalar ƙasar 410,000 a 2017. Waɗanda suka bi irin wannan shawara suka mutu kuwa, ba su nan balle su yi bidiyo.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda saƙon ya dace da tsoron da ke zukatanmu. Mace ta ji ƙullutu, ba ya ciwo. Tana jin kunyar buɗe ƙirji gaban namiji. Tana tsoron a ce za a cire mama, tana tsoron abin da miji da kishiya za su ce. Tana lissafin kuɗin mota daga Damagaram zuwa Yamai, sama da kilomita 800, da wurin kwana da na abinci. Sai ga murya a waya tana ce mata ba sai kin je ba, bar nama kawai ki sayi wannan gari. Wa zai ƙi sauƙi? Wata 6 su wuce, shekara ta wuce, ciwon da aka iya cirewa yana ƙarami ya fashe ya bi hammata ya kai ƙashi ko huhu. A lokacin ake ɗauko ta, likita ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ta rasu, sai gari ya ɗauka cewa asibiti ne ya kashe ta. Ta bayanta ta ji haka, ita ma ta ƙi zuwa.

Akwai kuma cutarwa ta kai tsaye. Ƙarancin jini ya riga ya yi wa matanmu katutu. Wadda ake yi wa shimiyo tana buƙatar ƙarfi, in jininta ya yi ƙasa dole a ɗage maganin. A hana irin wannan mace ƙwai da nono da ɗan kifin da ta samu, zalunci ne. Bitamin B12 ma daga abincin dabba ake samun sa. Baturen da ya zaɓi “began” ƙwayarsa yake saye a famasi. Wanda ya zaɓi barin nama don ra'ayinsa, ba ni da ja da shi. Kar dai a sayar wa maras lafiya da shi da sunan magani.

Ƴar'uwa, in kin ji ƙullutu a mama ko a hammata, ko fatar wurin ta koma kamar ɓawon lemu, ko kan maman ya shige ciki, ko jini na fita, ki je CSI mafi kusa cikin satin nan, ki nemi unguwarzoma ta duba ki. Rashin zafi ba alamar lafiya ba ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In an tura ki gaba, ki je. Ki ci zogalenki, ki yi addu'arki, ki kuma sha maganinki har ƙarshe.

Maza, ku ne kuɗin mota da izinin fita ke hannunku a gidaje da yawa. Kar mace ta ji tsoron faɗa maku. Ku ma ku sani, kusan 1 cikin 100 na masu wannan ciwo maza ne.

Hukumomi kuma muna da magana da ku. Tun 2021 cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa da ke Yamai ta fara gashin kansa da na'ura, abin da a da sai an fita waje. Ci gaba ne, mun yaba. Amma cibiya ɗaya a babban birni ta yi wa ƙasa mai faɗin Nijar kaɗan. Ma'aunin OMS shi ne a gano aƙalla 60 cikin 100 na masu ciwon tun yana matakin farko ko na biyu, a kammala bincike cikin kwana 60, kuma 80 cikin 100 su gama magani. Muna son a faɗa wa ƴan ƙasa inda muke a wannan ma'auni, jiha bayan jiha. Muna son gwajin tsoka ya samu a Maraɗi da Damagaram da Tawa, a horar da unguwarzoma na karkara kan duba mama, kuma a sa ido kan masu tallar “maganin daji” a rediyo da kasuwanni. Wayar da kai na watan Oktoba kaɗai ba ya isa, ciwon bai san wata ba.

Mu kuma masu waya a hannu, in saƙon nan ya sake zuwa, kar mu tura shi gaba. Mu tambayi wanda ya turo inda ya samo shi, mu kuma gaya wa gurup ɗin gaskiya.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.