Wasiƙa ga masu rubuta manhaja a Kaduna: kafin ku ce lamba ta maimaitu



Da ku nake, masu zama da laftof a shagunan da ke kewayen Titin Ahmadu Bello, da ɗaliban Poli a Tudun Wada da na KASU, da masu koyo su kaɗai a ɗaki a Kawo ko Badarawa ko Malali, ana lallaɓa data ana lallaɓa caji. Zan yi muku magana a kan aikin da kowa ya raina: an miƙo maka jerin lambobi an ce ka faɗi nawa ne suka maimaitu. Yaron da ya yi wata biyu da fara Python zai gama shi a layi ɗaya. Ni ma a layi ɗaya na taɓa gama shi, sannan na yi mako guda ina ba mutane haƙuri.

Ga jeri: 7, 3, 7, 9, 3, 7. Nawa ne maimaici a ciki?

Wani zai ce biyu, domin lambobi biyu ne suka fito fiye da sau ɗaya, wato 7 da 3. Wani zai ce uku, domin in aka bar wa kowace lamba gurbi guda, uku ne rara. Wani zai ce biyar, domin gurabe biyar cikin shida abin ya shafa, 9 kaɗai ta tsira. Akwai kuma huɗu, amsar da kwamfuta za ta ba ka in ka sa ta gwada kowace lamba da duk waɗanda ke bayanta: bakwai ɗin nan uku suna haɗuwa sau uku, ukun nan biyu sau ɗaya. Babu maƙaryaci a cikinsu. Tambaya huɗu ce ta shigo cikin riga ɗaya, kuma wanda ya kawo maka aikin sau da yawa shi ma bai tantance wadda yake nufi ba.

Ku ɗauka jerin na albashi ne. Akanta rarar yake so, don ita ce kuɗin da ke zurarewa. Mai bincike biyar ɗin yake so, don duk fayilolin zai ciro ya duba, tunda bai san wanne ne na gaske ba. Shugaban ma'aikata kuwa biyun yake so, ya san mutum nawa zai kira ofis. A 2016, lokacin da ma'aikatar kuɗi ta tarayya ƙarƙashin Kemi Adeosun ta ce ta cire ma'aikatan bogi fiye da 23,000 daga jerin albashi, BVN ce ta taimaka wajen tona asirin, wato aka ga lamba ɗaya tana karɓar albashi da sunaye daban-daban. A irin wannan aiki, amsa biyu da amsa biyar ba ɗaya ba ne, bambancinsu mutane ne da abincin gidajensu. Saboda haka tun kafin ka buɗe laftof, ka rubuta ɗan jeri irin na sama a takarda, ka miƙa wa mai aikin ka ce, "Ranka ya daɗe, a nan wace amsa kake so?" Matambayi ba ya ɓata.

Sai yadda ake ƙirgar. Hanyar da hankali ke fara kawowa ita ce zagaye cikin zagaye, a ɗauki lamba a bi jerin duka ana nemanta, a ɗauki ta gaba a sake bi. A jerin ɗalibai arba'in ba laifi. Amma a rajistar zaɓen 2023 Jihar Kaduna tana da masu zaɓe 4,335,208. Gwada kowane da kowane ya haura gwaji tiriliyan tara. Ko a ce na'urarka tana yin miliyan 100 a sakan ɗaya, za ka wuce awa 26 kana jira, kuma kun fi ni sanin ko wuta za ta jira ka. Akwai wata ɓoyayyiyar siffar wannan kuskure da nake yawan gani a aikin ɗalibai: mutum ya kira count na jerin Python a cikin zagaye, yana ganin zagaye ɗaya ya rubuta. Shi count ɗin duk kira sai ya bi jerin daga farko har ƙarshe. Zagaye biyu ne, ɗayan ya ɓuya.

Hanyar kirki kuwa malamin da ke rubuta kaya in ana sauke mota a Bakin Dogo ya riga mu saninta. Ba ya komawa ya sake ƙirga buhunan da aka sauke. Kowane mai kaya yana da layinsa a littafi, buhu ya sauka a ja masa sanda ɗaya, in mota ta ƙare lissafi ya ƙare. Wannan shi ne aikin Counter a Python, da HashMap a Java, da GROUP BY tare da HAVING a SQL: bi ɗaya, kowace lamba da adadinta. Dabarar da ke ƙarƙashinsu tsohuwa ce, Hans Peter Luhn na kamfanin IBM ya zayyana ta tun 1953. Abin da ya sa na fi son wannan hanya ba saurinta kaɗai ba ne. In teburin ƙirga yana hannunka, dukkan amsoshi huɗun nan suna fitowa daga cikinsa. Mai ɗebe tsawon set daga tsawon jeri kuwa rara kaɗai zai samu, bai san wace lamba ce ba, bai san a wane layi take ba. In ma'ajiyar na'urar ta yi kaɗan, ka jera lambobin daga ƙarama zuwa babba, masu kama za su zauna kusa da juna, sai ka bi sau ɗaya. In kuma lambobin suna da ƙaramar iyaka, kamar makin JAMB da ba ya wuce 400, akwati 401 sun ishe ka.

Wannan duk a littafi yake, kuma ba a nan gizo ke saƙa ba. Yawancin abin da ake kawo mana a matsayin lamba a ƙasar nan ba lamba ba ne, suna ne da aka rubuta da alƙaluma. Lambar waya, BVN, NIN, duk alƙaluma goma sha ɗaya ne, lambar asusun banki goma. Ba a tara su, ba a raba su. Ranar da ka ajiye su a matsayin lambar lissafi, ranar ka fara ɓarna. Sifirin da ke gaban lambar waya zai faɗi. Mutum ɗaya da ya rubuta lambarsa da 0803 a wata takarda, ya rubuta da 234803 a wata, zai zama mutum biyu, maimaici na gaske ya wuce ka. Mafi muni shi ne akasin haka. Gurbin INT mai alama, na bit 32, iyakarsa 2,147,483,647, kuma lambar wayar da ta fara da 080 ta fi haka ko an cire sifirin. MySQL, in ba a sa shi a tsauraran ƙa'ida ba, ba zai ƙi karɓa ba, zai datse lambar ya mayar da ita wannan iyakar. Sai ka wayi gari duk mutanen jerinka wayarsu ɗaya. Excel ma yana da nasa halin. Lambar da ta kai alƙaluma goma sha biyu yakan nuna ta a taƙaice, kamar 2.34803E+12, kuma in aka adana fayil ɗin a CSV a haka, taƙaitaccen ne zai zauna, sauran alƙaluman sun tafi ke nan. Duk masu layi iri ɗaya sun zama tagwaye. Ku ajiye irin waɗannan lambobi a matsayin rubutu, ku share sarari da alamar tarawa, ku mayar da su siffa ɗaya, sannan ku ƙirga.

In kun ƙirga, ku dubi wadda ta fi kowace yawa da idonku. Sau da yawa za ku tarar 0 ce, ko jerin tara-tara, abin da magatakarda ya cusa don manhaja ta ƙi barinsa ya wuce gurbin babu komai. Haka ranar haihuwa: 1 ga Janairu ta yi yawa a takardunmu, ba don mata sun fi haihuwa ranar ba, sai don ita ake rubuta wa wanda bai san tasa ba.

Yanzu ga abin da ya same ni. Wata ƙungiyar manoma, ba zan faɗi sunanta ba, ta kawo min jerin masu neman taki a farashi mai rangwame. Shugabanninta suna zargin wasu sun yi rajista sau biyu sau uku. Babu wata shaida a jerin sai suna da ƙauye da lambar waya. Na ce ai da sauƙi. Na bar layin farko na kowace lamba, na share sauran, na miƙa musu jeri tsaf, har ana yaba min. Ranar rabo sai ga mata sun zo ba sunansu. Ashe a gidaje da yawa waya ɗaya ce, ta maigida, da ita ya yi rajista, da ita matansa suka yi, da ita mahaifiyarsa ta yi. A wani ƙauye ma lambar mai shagon caji mutane da dama suka bayar, don shi ne in an kira zai aika yaro ya faɗa musu. Da yake maza aka fara rubutawa, layin farko nasu ne, waɗanda na share kusan duk mata ne. Lissafina bai yi kuskure ko ɗaya ba. Ni ne na ɗauka lamba ɗaya mutum ɗaya ce, alhali kama da wane ba wane ba ne. Abin da ya cece ni kawai shi ne ban taɓa ainihin fayil ɗin ba, a kwafi na yi aiki, sai muka zauna da sakataren ƙungiyar muna bi layi-layi, yana cewa wannan matar wane ce, wannan kuwa shi ne dai ya sake rubuta kansa. Na ƙarshen nan ba su da yawa.

Tun daga ranar ban ƙara sharewa ba. Alama nake sawa. Ina ƙara gurbi biyu a gefen jerin, ɗaya ya nuna sau nawa lambar ta fito, ɗaya ya nuna layukan da take, sannan in mayar wa mai jerin. Hukuncin wa zai fita nasa ne, don shi ya san mutanen. Kuma don Allah, jerin da ke ɗauke da BVN ko NIN na jama'a kada ku jefa shi a zauren WhatsApp kuna neman a taya ku gyara, ko ku liƙa shi a wani shafin intanet mai cire maimaici kyauta. Tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya, ko da babu ita ma amana ce.

Akwai kuma maimaicin da ƙirga lamba ba za ta taɓa kamawa ba. A watan Oktoban 2022 shugaban INEC na lokacin, Farfesa Mahmood Yakubu, ya sanar cewa cikin sababbin masu rajista 12,298,944 an soke 2,780,756, kusan kashi 23 cikin ɗari, waɗanda suka haɗa da masu rajista fiye da sau ɗaya da ƙananan yara da na bogi. Wanda ya je ya sake rajista sabuwar lamba ake ba shi, don haka a jerin lambobi tsaf yake. Sai da aka gwada zanen yatsu da fuska da tsarin ABIS aka gano su. In Counter ya ce maka babu maimaici, abin da ya faɗa shi ne babu lambar da ta fito sau biyu. Bai ce komai a kan mutane ba, kai ma kada ka faɗa a madadinsa.

Wani lokacin kuma mu ne da kanmu muke haifar da maimaicin. Na sha ganin manhajar makaranta ko ta asibiti tana ba kowane sabon mutum lamba mai alƙaluma shida ta hanyar canki-canka, mai rubutawa yana cewa ai gurbi miliyan ne, yaushe za a yi karo. Da wuri. Lissafin da ya nuna cewa a ɗaki mai mutum 23 an fi kusa da samun biyu masu ranar haihuwa ɗaya, shi ne ya nuna cewa a gurbi miliyan, kafin ka yi wa mutum 1,200 rajista yiwuwar karo ta haura rabi. Wata makarantar sakandare ɗaya a Kaduna ta isa ta kai wannan adadi. Ku bar rumbun bayanai ya riƙa ba da lamba bi da bi, ku sa sharaɗin UNIQUE a gurbin da bai kamata ya maimaitu ba, ya ƙi karɓa tun a bakin ƙofa. Amma ku tuna da matan taki kafin ku sa shi a gurbin lambar waya.

Kafin ku miƙa aiki, ku gwada shi da jeri babu komai, da jeri mai lamba ɗaya, da jerin da duk lambobinsa iri ɗaya ne, da ɗan jerin nan na 7 da 3 wanda kun san amsarsa da ka. Rahoton da nake miƙawa yanzu shafi ɗaya ne. A samansa nakan rubuta da Hausa abin da na kira maimaici a wannan aikin, da gurbin da na duba, da gyaran da na yi wa lambobin kafin in ƙirga. Ƙasa da shi adadin layuka, da adadin lambobi mabambanta, da rara. Sai lambobi ashirin da suka fi yawan fitowa, da layukansu. Can ƙasa kuma na bar fili, inda mai jerin zai sa hannu in ya yarda a cire wani.

Ku gaida mutanen gida.

Wassalam,
ɗan uwanku daga Unguwar Rimi.