Kallon Kitse Muke Yi wa Rogo

'Yan'uwana ɗalibai da ƙananan ma'aikata, ina roƙon ku ba ni aron kunnuwanku a kan wata magana wadda da yawanku za su ce ba ta kai a ɓata tawada dominta ba, watau maganar wasannin kwaikwayon da muke kallo a talbijin da wayoyinmu, da irin shawarar da muke ba juna a kansu. Ni kuwa na ce ta kai har ta yi yawa, domin abin da mutum yake ba awa biyu ko uku a kowane dare ya fi kowane malamin jami'a samun kunnensa.

Da hutun daminar da ta wuce na shiga mota daga Kano za ni gida Gwaram. Tun daga Wudil har muka iso Birnin Kudu fasinjoji ba su da zance sai na wani wasa mai dogon zango: wace yarinya ce ta dace da saurayin, wace ce makira, wa ya kamata asirinsa ya tonu a mako mai zuwa. Akwai malamin firamare a cikinmu, akwai ɗalibai mata biyu, har direba ma yana tsoma baki. Ta taga kuwa ga gonakin gero da dawa nan sun yi ja don rashin taki, amma ba wanda ya ce uffan a kansu. Da muka tsaya a tasha sai na ga samari sun yi cincirindo a rumfar mai cajin waya, kowa yana miƙa tasa a tura masa sabon fitowa. Ban isa in zarge su ba, don ni ma na miƙa tawa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tambayar da muke yi wa juna. In aboki ya ce ya ga wasa kaza, iyakar abin da za ka ji an tambaye shi shi ne, "Ya yi daɗi?" In ya ce ya yi, shi ke nan, magana ta ƙare, sai a ce ya tura. Mu da aka kashe dukiyar talakawa aka koya mana nazarin adabi da tarihi da tattalin arziki, iyakar sharhinmu ke nan, daidai da na yaron da aka ba alewa.

Bari mu waiwaya baya kaɗan. Tun zamanin Turawa ake yawo da majigi gari gari ana nuna wa kakanninmu hotuna a ƙofar fada. Shahararre a cikinsu shi ne Baban Larai, wanda aka shirya don a kwaɗaitar da manomi ga noman auduga. Bature ba don Allah ya yi ba, masaƙun Ingila yake wa tanadi, amma ko ba komai ya san cewa manomi shi ne mai ƙasa, don haka shi ya sa a gaba. Da aka buɗe gidan talbijin na Kaduna a 1962, aka kuma kafa NTA a 1977, sai wasannin Hausa suka samu gida. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, ya yi shekaru yana nuna mana zaman bariki a cikin Samanja, marigayi Ƙasimu Yero ya raya Magana Jari Ce, Karkuzu yana tashe daga Jos. A lokacin muna cikin Jihar Kano, domin sai ran 27 ga Agusta 1991 aka yanke Jigawa, saboda haka gidan CTV da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa namu ne mu ma. Waɗannan wasanni ba su da kayan aiki na a zo a gani, kyamara ɗaya ce da zaure ɗaya, amma mutanen cikinsu mutanenmu ne: kurtun soja, masinja, alƙali, mai unguwa, matar da kishiya ta dama. Mai kallo yana dariya yana gane kawunsa.

To yanzu fa? Ba zan yi wa masu shirya wasanni ƙarya ba, hoto ya yi kyau, sauti ya gyaru, 'yan wasa sun ƙware. Labarina na Aminu Saira, wanda ya fara fita a 2020, ya nuna cewa Bahaushe zai iya tsara labari mai sarƙaƙiya ya riƙe mutane mako da mako. Izzar So na Lawan Ahmad ya tara masu kallo a YouTube irin waɗanda gidajen talbijin na da ba su taɓa mafarki ba. Amma ku dubi inda labaran suke faruwa. Falo ne mai kujerun da kuɗinsu ya fi albashin malamin firamare na shekara, ofishin kamfani ne wanda ba a taɓa nuna mana abin da yake sarrafawa ba, mota ce baƙa mai gilashi a rufe. Har a wani zango na Labarina, talaucin da aka nuna mana riga ce da attajiri ya ara ya sa don ya gwada 'yan mata. Watau ko talauci ma sai mai kuɗi ya ɗanɗana shi kafin ya cancanci shiga akwatin talbijin!

Mutumin karkara kuwa, in an tuna da shi, hanya biyu ce. Ko dai mai gadi ne mai buɗe ƙofa yana zubewa ƙasa, ko kuma baƙauye ne da aka kawo birni don ya ji tsoron fanka a yi masa dariya. Wannan baƙauyen wane ne? Ubana ne da ubanku, wanda ya sayar da buhun gyaɗa da ɗan akuya ya biya mana kuɗin rajista. Muna zaune a ɗakin kwanan ɗalibai muna ƙyaƙyata dariya, alhali kuwa da mu ake.

Kada wani ya ce mugunta ce ta masu shiryawa. Kasuwa ce ta kawo haka, kuma ya kamata ɗan jami'a ya fahimci yadda take tafiya. Wasan da aka ɗora a YouTube yana samun kuɗi ne gwargwadon yawan masu kallo da tallan da ake sakawa a ciki, na talbijin kuwa yana rayuwa da masu ɗaukar nauyi. Mai talla yana neman wanda zai sayi fili ko atamfa ko turare, ba ruwansa da mai neman mudun taki. Daɗin daɗawa, kowane mako da aka ƙara kuɗi ne, shi ya sa labarin da zai ƙare a mako goma sai a ja shi shekara uku, wanda ya ɓace ya dawo, wanda aka saka ta koma, mu kuma muna ta zuba kuɗin data kamar masu ban ruwa a rairayi. Mai kiɗa yana bin inda kari yake, kuma mu ne masu yin karin.

Duk da haka akwai abin yabawa, kuma zalunci ne a ƙi faɗarsa. Wanda bai ga farkon Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ba, ina ba shi shawara ya nema. A can ne aka nuna almajiri da ɗan gudun hijira da ɗan ƙwaya da malamin tsangaya a matsayin mutane masu suna da zuciya, aka nuna zaman Musulmi da Kirista a unguwa ɗaya, har wasan ya ci kyautar Africa Magic a 2016. Sai dai akwai abin kunya a nan: tashar da kanta, da aka buɗe a 2014, da tallafin gwamnatin Amurka ta fara, a lokacin da rikicin Boko Haram ya yi tsanani. Sai da baƙo ya zo daga wata uwa duniya da nasa dalilin kafin talakanmu ya samu shiga. Haka kuma ina yaba Kwana Casa'in, wanda ya ƙirƙiri jihar Alfawa da gwamnanta Bawa Maikada ya nuna yadda ake sayen ɗan jarida da ɗan daba da ƙuri'a, da yadda asibitin gwamnati yake zama kufai. Duk ƙaramin ma'aikacin da ya kalle shi zai gane wani ofis da ya sani. Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi kuma, in ka cire ihun da ya yi masa yawa, wa'azi ne a kan mutumin da ya tara 'ya'ya bai tara tarbiyya ba.

Na san amsoshi biyu da za a ba ni. Ta farko, za a ce ai nishaɗi ne kawai, mutum ya wuni yana fama, a bar shi ya huta. Na yarda mutum yana bukatar hutu. Amma yarinyar da ta yi shekara biyar tana ganin cewa miji shi ne mai ba da makullin mota a ranar zance, da wane ido za ta dubi malamin makarantar da ya zo da keke? Saurayin da bai taɓa ganin an girmama mai fartanya a allo ba, me zai hana shi sayar da gonar gado ya tafi ci-rani? Abin da ido ya saba gani shi zuciya take ɗauka daidai.

Ta biyu ita ce ta masu cewa a hana su gaba ɗaya. A watan Mayu na 2025 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta dakatar da wasanni 22, har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa cewa ba a kai mata su ta duba ba kafin a sake su. Wasu abokaina sun yi murna, ni ban taya su ba. Hukuma tana iya auna tsawon mayafi, amma ba ta iya sa marubuci ya tuna da manomi, kuma almakashin da ya yanke rawa yau shi zai yanke sukar gwamna gobe. Gyaran ɗanɗano aikin masu kallo ne.

Kuma wa ya ce ba mu da labari? A Birnin Kudu akwai zanen shanu a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa, da duwatsun da ake bugawa su yi amo kamar ƙararrawa, waɗanda Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu tun wajen 1950 da wani abu. Mutanen da suka zauna a nan tun kafin a san takarda, da suka tashi yin hoto, abin da ke gabansu suka zana, watau dukiyarsu da rayuwarsu. Mu jikokinsu masu digiri mun kasa. Ku je kasuwar Sara ranar da take ci ku tsaya awa ɗaya wajen dillalan hatsi, za ku samo wasan zango uku. Ga manomi da makiyayi da suka tashi tare, burtali ya raba su. Ga mai naƙuda da ake ɗaukowa daga ƙauye a kan babur zuwa asibitin tarayya na Birnin Kudu cikin dare. Ga magidancin da janye tallafin mai na 2023 ya sa ya jingine injin ban ruwansa. Ga yarinyar da ta ci jarrabawa aka sa mata rana a mako guda. A cikin waɗannan akwai soyayya da makirci da ban dariya, duk abin da ake nema a falon Alhaji.

Saboda haka ga abin da nake kira gare shi. Kafin ka ce wa aboki ya kalli wasa, ka iya gaya masa labarin wa aka bayar, wa aka mayar abin dariya, kuma wa ya biya kuɗin shirin. In wasa ya fara jan ƙafa don neman talla, ka daina kallo, ka kuma faɗi dalili a fili, domin masu shiryawa suna ƙirga mu ɗaya bayan ɗaya. Ƙungiyoyin ɗaliban Birnin Kudu da Gwaram, maimakon a ƙare shekara da rabon kalanda da liyafa, su sa gasar rubuta wasa a kan garuruwanmu. Ƙungiyar Tumbin Giwa da ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990 ba ta da kayan da suka kai wayar da ke aljihunka. Ku kuma 'yan'uwa da kuka kama aiki a Dutse, ku tambayi gidan talbijin na jiha awa nawa yake ba wasan da aka shirya a Jigawa, ku yi ta tambaya har a gaji da ku.

Wanda ya ga na yi kuskure, shafin nan a buɗe yake, ya ɗauko alƙalami ya mayar mini da martani, amma don Allah ya zo da hujjar da ta wuce "ya yi daɗi". Allah ya sa mu gane, amin.