SANA'A SA'A: Ɗan makiyayi da ya ci abinci da hoto

Filin sana'a na wannan wata ya kawo muku labarin wani mai hoto na ƙasar Mali. Sunansa Malick Sidibé. Ku karanta a hankali, ku karanta wa waɗanda ba su iya ba tukuna.

Malick Bafillace ne. An haife shi a ƙauyen Soloba, kudu da Bamako. Tun yana ƙarami yake bin dabbobin ubansa, yana kuma zuwa gona. Ido ɗaya gare shi, ɗayan ya lalace tun ƙuruciya. Aka sa shi lakkwal a Yanfolila, daga nan ya wuce Bougouni. Malamansa suka ga hannunsa ya iya zane. A 1952 aka kai shi makarantar koyon sana'ar hannu ta Bamako.

A 1955 wani Bafaranshe mai shagon hoto, Gérard Guillat, ya kira shi ya yi wa shagon ado da fenti. Da aikin ya ƙare, sai ya riƙe shi ya zama yaron shago. Malick bai raina wannan matsayi ba. Ya tsaya, ya sa ido, ya koyi yadda ake ɗauka da yadda ake wankewa. A 1956 ya sayi kyamararsa ta farko, ƴar ƙarama mai araha, ana ce mata Brownie Flash. Daga baya ya buɗe shagon kansa a unguwar Bagadadji, ya sa masa suna Studio Malick.

To, ina dabararsa? Bai zauna yana jiran mutane ba. In dare ya yi, sai ya hau kekensa, ya bi wuraren biki da suna da rawar samari. Wani lokaci ya zaga wuri da yawa a dare ɗaya. Sa'an nan ya koma shago ya yi ta wanke hotuna har asuba. Ya manna su a takarda, kowane da lambarsa. Masu biki su zo su duba, kowa ya zaɓi nasa, ya biya. Ran Lahadi kuma ya bi samari bakin kogin Isa, wannan kogin da ya ratsa Yamai.

Abu na biyu, ba ya zubar da komai. Kowane fim da ya ɗauka, sai ya sa shi a kwali, ya rubuta kwanan wata a kai. Abu na uku, ya koyi gyaran kyamara.

Wannan gyara shi ya rufa masa asiri. Wajen 1980 hoto mai kala ya shigo, injuna suka karɓe wankin hoto. Ciniki ya ja baya. Masu hoto da yawa suka rufe shago. Shi kuwa ya ci gaba da hoton katin shaida, yana kuma gyara kyamarorin mutane. Da haka ya riƙe iyalinsa.

Mahakurci mawadaci. A 1994 aka yi babban taron masu hoto na Afirka a Bamako. Baƙi suka ga tsofaffin hotunan nan da ke cikin kwali, suka yi mamaki. A 1995 aka baje su a Paris. A 2003 ya samu kyautar Hasselblad ta ƙasar Suwidin. A 2007 aka ba shi lambar Zakin Zinariya a birnin Venise na Italiya, shi ne ɗan Afirka na farko da ya same ta. Duk da haka bai bar shagonsa na Bagadadji ba. Ya rasu a Bamako ran 14 ga Afrilu 2016. Da ya zubar da kwalayen nan, da duniya ba ta san shi ba.

Yanzu ina ruwan mutanen Matameye da wannan labari? Da ruwansu. Kowace shekara, in an gama girbi, samarin ƙasar Kance sukan watse, wasu Kano, wasu Agadas, wasu har Aljeriya. Ba a manta da watan Oktoba na 2013 ba. Mutum 92 suka mutu da ƙishirwa cikin hamada kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara daga wannan yanki. Neman abinci ne ya fid da su. Duk sana'ar da za ta tsai da mutum a gida da rani, ba ƙaramar aba ba ce.

Wani zai ce yau kowa na da hoto a salularsa. Gaskiya ne. Amma hoton takardun lakkwal, sai an wanke shi a takarda. Amarya na son na rataye wa a ɗaki. Salula kuma tana lalacewa, tana bukatar mai gyara.

Ga abin da saurayi mai sha'awa zai riƙe:

1. Son aiki shi kaɗai ba ya cika tumbi. A je wurin wanda ya iya, a yi masa yaro, a koya.

2. A fara da ƙaramin abu. Kada a sai da saniya ko gona don sayen babban inji tun ba a san ciniki ba.

3. A je inda mutane suke: kasuwa, gidan biki, filin kokawa. Amma kada a ɗauki hoton kowa sai da yardarsa.

4. A raba kuɗi. Misali, in an samu jikka 3 ran kasuwa, 1 ta kayan aiki, 1 ta gida, 1 ta ajiya. A rubuta a littafi.

5. A koyi gyara, don zamani yana juyawa.

Ku duba da kyau. Lamba a kan hoto, kwanan wata a kan kwali, lissafi a littafi, duka sai wanda ya iya rubutu. Ga rani ya zo, ajin yaƙi da jahilci a buɗe yake. Iyaye, ku bar samari su zo. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai rai.